Tambayi Mama: Na Taɓa Kuɗin Zumunta, Laifin Ya Faɗa Kan Gwauruwa

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan watan, biyu daga jihar Gombe, ɗaya daga Bauchi. Kamar yadda muka saba, na cire sunayen mutane da na ikilisiyoyi, na kuma rage tsawon wasiƙun. Ta farkon ce za ta ci mana fili, don akwai mutum na uku a cikinta wanda bai san ma an rubuto ba.

Wasiƙa ta farko

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ni ce ma'ajiyar Zumuntar Mata a ikilisiyarmu, a wani ƙauye kusa da Kaltungo, mijina kuma dattijon ikilisiya ne. Daminar bara kububuwa ta sari ɗana na biyu yana cikin gonar gyaɗa. Muka ɗauke shi a babur zuwa asibiti, jini na fita masa ta dasashi. Maigida ya yi tafiya, ni kuma ba ko sisi a hannuna. A ɗakina akwai kuɗin da mata suka tara na zanen taro da na mota. Na buɗe gwangwanin na ɗebi naira 85,000, na ce in an sayar da gyaɗa zan mayar. Yaron ya tashi, mun gode wa Allah. Amma gyaɗar ba ta yi ba, ɗan abin da aka samu ya tafi bashin taki.

Da lokacin lissafi ya zo sai tsoro ya kama ni. Na sake rubuta littafin, na rage abin da wasu suka bayar, wasu kuma na nuna ba su biya ba. Yawancinsu ba su kula ba. Amma wata gwauruwa mai tuyar ƙosai ta miƙe ta ce ita ta biya kuɗin zanenta cif a hannuna. Na ce ban tuna ba, ga littafi nan. Shugabarmu ta ce mata a gaban mata duka, a daina ƙarya a gidan Allah. Ba a ba ta zane ba, ba ta je taron ba, tun ranar kuma ba ta sake zuwa Zumunta ba. Ran Lahadi can baya take zama, ana tashi ta fice.

Mama, ba na barci. Na yi azumi, na yi kuka, na roƙi gafara har ban san iyaka ba. Duk ranar Jibin Ubangiji sai in ce kaina na ciwo. Na riga na zuba naira 30,000 a cikin baiko kaɗan-kaɗan, ba wanda ya sani. In na cika sauran ta wannan hanya, ya isa? Anya Allah ya gafarta mini? In na faɗa za a sa ni horo, mijina kuma ina zai sa kansa?

Wata uwa, yankin Kaltungo

Amsa

Ƴata, sannu. Sannu da jinya, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Duk wanda ya zauna a ƙasar Tangale ya san kububuwa ba ta jiran a je neman rance. Dafinta yana hana jini daskarewa, uwar da ta ga jini a bakin ɗanta kuwa ba lissafi take yi ba. Ba zan zauna a Gombe cikin inuwa in yi miki faɗa a kan wannan daren ba.

Kuɗin dai ba naki ba ne, wannan kin sani. Amma da gari ya waye kin je wurin shugabarku kin ce, ga abin da ya faru, ga abin da na taɓa, da maganar ta tsaya a matsayin bashi. Na san matan Zumunta. Da wasunsu sun kwance bakin zane sun ƙara miki. Abin da ya hana ki barci ya fara ne ranar da kika ɗauki biro kika sake rubuta littafi, ya kuma kai ƙarshensa ranar da kika bar baiwar Allah nan tsaye ana kiranta maƙaryaciya, alhali ke kaɗai a ɗakin kika san gaskiya take faɗa.

Haka ya faru da sarki Dawuda. Ki karanta 2 Sama'ila sura 11 a hankali. Zunubinsa da Batsheba ya ɗauki ayoyi kaɗan. Sauran surar duk ƙoƙarin rufewa ne: ya kira mijinta Uriya daga bakin daga, ya sa shi ya bugu, da abin ya ƙi sai ya ba shi wasiƙar mutuwarsa ya kai wa Yowab, shugaban yaƙi, da hannunsa. Mutumin da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya biya kuɗin rufin asirin sarki. A Zabura 32 Dawuda ya faɗi yadda jikinsa ya kasance a kwanakin da ya yi shiru: ƙasusuwansa sun lalace, yana nishi dukan yini, hannun Allah ya yi masa nauyi dare da rana. Wannan rashin barcin naki ke nan. Ni ban ɗauke shi alamar Allah ya rabu da ke ba. Wanda Allah ya ƙyale, barcinsa yake sha har da minshari.

Kin tambaya ko Allah ya gafarta miki. Gafararsa ba a sayenta da azumi, ba a sayenta da hawaye, ba a sayenta da naira 85,000. An riga an biya a kan gicciye. 1 Yahaya 1:9 ba ga arna aka rubuta ta ba, ga masu bi aka rubuta, mutanen da suka yi baftisma suka kuma sake faɗuwa: in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta ya kuma tsarkake mu. Da Dawuda ya ce wa annabi Natan ya yi wa Ubangiji zunubi, a take Natan ya ce masa Ubangiji ya kawar da zunubinsa. Bai ce ya je ya dawo bayan wata shida ba. Ƙofar a buɗe take, kuma ba ke za ki buɗe ta ba.

To me ya sa kika roƙa kika roƙa, salama ba ta zo ba? Domin abin da kike roƙon gafararsa bai wuce ba tukuna, yana kan faruwa. Littafin yana nan yana faɗin ƙarya da rubutun hannunki. Kowace Lahadi da matar nan ta zauna a bencin baya ta fice kafin a gaisa, shaidar zur ɗinki tana aiki a kanta sabuwa fil. Kina ce wa Allah ya yafe miki abin da kika yi bara, shi kuwa yana duban abin da ake yi wa gwauruwar a wannan makon. Miki in aka naɗe shi da tsumma ba a wanke ba, ruɓewa yake yi a ciki, komai kyan tsumman.

Maganar kuɗin da kike zubawa a baiko, ki daina. Na ga zuciyar da ta sa ki, amma ba biya ba ne. Baiko na ikilisiya ne gaba ɗaya, kuɗin da kika taɓa na matan Zumunta ne, kowace da sunanta. Littafin Firistoci 6:1-7 ya yi maganar mutumin da aka ba ajiya ya ci, ya kuma yi ƙarya a kanta. Kamar an san da ke aka rubuta. Aka ce ya mayar da abin cif, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar, ya ba mai shi, sa'an nan ya kawo hadayarsa. Mai shi aka ce, ba akwatin haikali ba. In da za a yi miki wannan lissafin, naira 17,000 za ki ɗora a kan 85,000, ya zama 102,000. Ba na ce dole sai kin bi wannan ƙa'ida adadi da adadi ba, mu ba a ƙarƙashin shari'ar hadayu muke ba. Amma hanyar ba ta canja ba. Zakka, shugaban masu karɓar haraji na Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, bai ce zai kai kuɗi haikali a ɓoye ba. Ya miƙe a gaban mutane ya ce duk wanda ya cuta zai mayar masa ninki huɗu.

Ki kuma lura da wani abu. Yahuza Iskariyoti ma ya mayar da kuɗi. Matiyu 27 ya ce ya yi nadama, ya kai azurfa talatin ɗin, ya watsar da su a haikali, ya fita shi kaɗai ya rataye kansa. Kuɗi sun koma, mutumin bai koma ba. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma ranar tashin Yesu daga matattu a tsakiyar ƴan'uwa aka same shi, waɗanda suka san abin da ya yi. Shirin da kike yi na biya a ɓoye ki ci gaba da zama ke kaɗai da asirinki ya fi kama da hanyar Yahuza, shi ya sa yake ba ni tsoro.

Ga abin da zan ce ki yi, kuma kada ki bari wannan watan ya ƙare.

Ki fara da maigidanki. Kin ce ina zai sa kansa. Ƴata, zai fi masa sauƙi ya ji daga bakinki a ɗakinku da ya ji a zaman dattawa daga bakin wani, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ɗansa ne aka ceta da kuɗin, bashin na gidanku ne ku biyu. Zai iya yin fushi, ki bar shi ya yi. Bayan haka ku je wurin fasto tare, matar fasto tana zaune. Ki tafi da littafin da kuma lissafin gaskiya a rubuce: wace ta ba da nawa, me kika rage, me kika goge. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki faɗi yadda za ki biya, nawa a wata, nawa in an yi girbi, a rubuta, ki sa hannu. Ki ajiye aikin ma'aji da kanki kafin a ce ki ajiye.

Sai gwauruwar. Wannan ce mai wuyar, ita ce kuma ba ta da makawa. Yesu ya ce a Matiyu 5:23-24, in kana miƙa baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka bar baikon a nan gaban bagade, ka je ku shirya tukuna. Ki je gidanta, ba a harabar majami'a ba, ba a bakin kaskon ƙosai inda masu saye suke ba. Ki tafi da mace guda mai hankali. Ki durƙusa ki ce mata: kin biya, ni na karɓa, ni na goge, ni na bari aka ci mutuncinki. Kada ki buɗe da labarin maciji. In kika fara da shi, kin mai da ita mai ba ki haƙuri ke nan, alhali ke kika zo ba ta. In ta tambayi dalili, sai ki faɗa. Ki kai mata kuɗinta da zanenta. Kada kuma ki matsa mata ta ce ta yafe a ranar. Ta yi fiye da shekara tana ɗauke da sunan da ba nata ba, tana da iko ta yi kuka, tana da iko ta ce ki tashi ki ba ta wuri. Ki tuna da wanda yake tsaya mata: a Fitowa 22:22-23 Allah ya ce kada a wulakanta gwauruwa ko maraya, in suka yi kuka gare shi lalle zai ji.

Bayan nan, a inda aka ɓata sunanta, a nan za a wanke shi. A gaban matan Zumunta aka ce ta yi ƙarya, a gabansu za ki miƙe ki ce gaskiya ta faɗa. Ni ban ga dole sai an kai maganar gaban taron Lahadi da yara da baƙi ba, faɗin furci ya yi daidai da faɗin ɓarna. Amma wannan hukuncin dattawanku ne, in sun ce a kai, ki yi biyayya. Shugabarku ma tana da bashin ban haƙuri a kanta, ko da yake bisa littafinki ta yi magana.

Yanzu horo. Ba zan ruɗe ki ba, mai yiwuwa ne a sa ki. Tun da ƴan mishan na SIM suka kafa tasha a Kaltungo a 1917, har aka kafa ikilisiyar ECWA a 1954, ikilisiyoyin ƙasar nan ba su wasa da wannan al'amari, haka ma ikilisiyar COCIN da sauransu. Za a iya dakatar da ke daga Jibi da riƙe muƙami na wasu watanni, a wasu wuraren har da zama a baya. Akwai kunya a ciki, za a kuma yi surutu a bakin rijiya. Amma ki dubi inda kike yanzu. Kin riga kin sa kanki a horo. Kin hana kanki Jibin Ubangiji fiye da shekara, ba mai yi miki addu'a a kai don ba wanda ya sani, ba mai ziyartarki, ba kuma ranar da aka sa za a ce ya ƙare. Horon ikilisiya yana da farko, yana da ƙarshe, akwai ranar da fasto zai kira sunanki ya ce an karɓe ki, ki miƙa hannu ki karɓi gurasa da ƙoƙo ba tare da ciwon kan ƙarya ba. Naki na ɓoye, in ba ki fasa shi ba, har kabari zai raka ki.

Ina da magana da fastoci da dattawa masu karanta wannan shafi. Wanda ya zo da ƙafarsa ya tona kansa ba ɗaya yake da wanda aka kama ba. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da wanda ya faɗi cikin ruhun tawali'u. A 2 Korantiyawa sura 2, Bulus da kansa ya ce wa ikilisiyar Koranti hukuncin da suka yi wa mai laifin ya isa, su yafe masa, su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Na sha ganin inda aka iya sa horo amma ba a iya cire shi ba: a baki an ce ya ƙare, a fuska kuwa har mutum ya mutu ana nuna shi. A bakin Tekun Tibariya Yesu bai ce wa Bitrus ya zauna a baya har abada ba, tumakinsa ya ba shi kiwo.

Kuma don Allah a daina ajiye kuɗin ƙungiya a gwangwani a ɗakin mace guda. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na magani da na taki suka tashi, gidaje da yawa suna kwana da ƙyar. Ɗora wa mutum ɗaya kuɗin jama'a a irin wannan hali, ba rasit, ba mai duba littafi, jarraba ce muka ajiye masa da hannunmu. Bulus ma da yake tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya ce an zaɓi wani ɗan'uwa ya yi tafiyar tare da su don kada wani ya sami abin zargi. A buɗe asusu a banki da sa hannun mutum biyu, a riƙa ba da rasit, a kuma ware wani abu na gaggawa wanda uwa za ta iya nema da tsakar dare ba tare da ta zama ɓarauniya ba.

Ƴata, in kin je wurin matar nan, ki sake rubuto mini. Ina so in ji yadda ta kasance, ita da ke.

Wasiƙa ta biyu

Mama, ni ɗalibi ne a Yelwa, Bauchi, ina kuma cikin FCS, zumuntar ɗalibai Kirista. Cacar ƙwallo ta waya ta kama ni. Na ci sau ɗaya da farko, tun daga nan asara nake yi. Kuɗin makaranta da babana ya sayar da buhunan masara ya turo daga Bogoro, rabinsu sun tafi, bai sani ba. Duk taron farkawa ina fita gaba, in yi kuka, in yi alkawari, Asabar na zuwa in koma. Wani ɗan'uwa ya nuna mini Ibraniyawa 10:26, cewa in mun ci gaba da zunubi da gangan bayan mun san gaskiya, babu sauran hadaya. Mama, tawa ta ƙare ke nan?

Ɗanki a Yelwa

Amsa

Ɗana, taka ba ta ƙare ba. Ka koma ka karanta surar daga aya 19 har ƙarshe, kada ka tsaya a aya guda. Mutanen da aka rubuta wa wasiƙar Ibraniyawa sun sha tsanani, an ƙwace musu dukiya, wasu sun fara janye jiki daga taruwa. Gargaɗin yana kan wanda ya san Almasihu sarai, sa'an nan ya juya masa baya, ya tattake Ɗan Allah, ya ɗauki jinin alkawari abin banza, kamar yadda aya 29 ta bayyana. Wanda ya ƙi hadayar Yesu, babu wata da zai samu a wani wuri. Kai kuwa kuka kake yi kana neman wannan hadayar. Yesu ya ce wa almajiransa a Luka 17:4, ko sau bakwai a yini ɗan'uwa ya yi laifi ya dawo ya ce ya tuba, a yafe masa. Ba zai umarce mu da abin da shi ba ya yi ba.

Amma fita gaba ba ita ce tuba ba. Kana fita gaba da wayar a aljihunka, asusun cacar yana nan a buɗe, abokan da kuke haɗa takarda suna jiranka a ƙofa. Ka yi nadama sau da yawa, ba ka canja komai ba ko sau ɗaya. Da Yesu ya ce in hannunka na sa ka tuntuɓe ka yanke shi, abin da yake nufi ke nan: a rabu da abu ko da yana da amfani, ko da rabuwar da zafi.

Ka kuma san da abin da kake kokawa. Kamfanonin cacar nan sun tsara lissafinsu yadda a jimla su ne da riba kullum, da asarar irinku ake biyan ɗan tsirarun da suka ci. Takardar da kake jera wasa goma a kai don kuɗin ya yi yawa, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damar ka ci duka goman ɗaya ce cikin 1,024. Cin da ka yi na farko shi ne ƙugiyar. Yanzu kuma ba don riba kake yi ba, don ka maido kuɗin babanka kake yi, wannan tunanin ne yake ƙara zurfafa ramin. Kuɗin nan sun tafi. Ka yarda da haka yau.

A wannan makon ka rufe asusun gaba ɗaya, goge manhaja kaɗai ba ya isa. In da hali ka koma ƙaramar waya har ƙarshen zango. Ka sami babba guda a FCS ko fastonka, namiji mai riƙe magana, ka faɗa masa komai har da adadi, ka ba shi katin bankinka ya riƙa ba ka na abinci mako-mako. Yakubu 5:16 ta ce mu furta wa juna zunubanmu mu yi wa juna addu'a don mu warke. Ka bar gidan kallon ƙwallo na wani lokaci. Ƙwallo ba zunubi ba ce, amma kai a yanzu ba za ka iya kallonta ba tare da lissafi ba. Ka cika ranar Asabar da wani abu tun kafin ta zo: aikin hannu da zai kawo ɗan kuɗi, ko fita bishara da ƴan ƙungiyar Sabon Rai. Afisawa 4:28 ba ta tsaya a kan ɓarawo ya daina sata ba, ta ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci.

Sa'an nan ka hau mota ka je Bogoro ka faɗa wa babanka, ido da ido, kafin makaranta ta rufe rajista ya ji a bakin wani. Guminsa ne ka kai caca. In ka sake faɗuwa bayan duk wannan, ka kira mutumin da ke riƙe da katinka a ranar, kada ka jira taron farkawa na gaba.

Wasiƙa ta uku

Mama, mijina ya yi zina, ya furta, ya yi horo, an karɓe shi. Kowa ya yi murna sai ni. In ya yi dare zuciyata ba ta kwanciya. In na tambaye shi inda ya tsaya sai ya ce, Allah ya yafe, ikilisiya ta yafe, ke wace ce? Ni ce mai zunubi yanzu?

Ƴarki a Bolari, Gombe

Amsa

A'a, ƴata. Yafewa umarni ne, Afisawa 4:32 ta faɗa, kuma ina roƙon Allah ya ba ki ikon sakin ramuwa da ɗacin rai, don kanki ma. Amma amincewa aba ce dabam, ginata ake yi, wanda ya rushe ta kuma shi ne mai ɗaukar tubali. Yusufu ya yi kuka saboda ƴan'uwansa tun ganinsu na farko a Masar, duk da haka sai da ya gwada su a kan Biliyaminu kafin ya bayyana musu kansa. Yahaya Mai Baftisma ya ce wa masu zuwa wurinsa su ba da ƴaƴan da suka dace da tuba.

Ga maigidanki, in wannan shafin ya kai hannunsa: ɗana, ita ce wadda ka yi wa alkawari a gaban Allah da shaidu, ita ce kuma ka ci amanarta. Dattawa sun karɓe ka a majami'a, ba su ne suke kwana da abin a zuciya ba. In ta tambayi inda ka tsaya, ka faɗa mata, gobe ma ka faɗa tun kafin ta tambaya.

Ku nemi wasu ma'aurata dattawa da ku biyun kuka yarda da su, ku riƙa zama da su a kai a kai. In kuma ba ku yi ba tukuna, ku je asibiti tare a gwada jininku, na ƙanjamau da na ciwon hanta, ku sake gwajin bayan wata uku. In ya ƙi zuwa, ki sanar da fasto da matarsa, ke kuma ki je ki yi naki.